Takwas da Bakwai a Kujerar Chizuru

Asabar, 11 ga Mayu

Kwana casa'in da takwas. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da ilimin ƙididdiga, hannuna ba ya iya fara shafi sai da adadi.

Mun yi baƙuwa, matata Tokiko kuwa ta fita cefane. Wata tsohuwa ce gajera, sanye da riga mai zanen damisa, da murya irin ta masu kiran ciniki. Ta ce sunanta Onizuka, ƙwan kifi mai yaji take sayarwa a kasuwa, kuma abokiyar wasan 'yata ce. Ta nemi izinin kunna turare. Ta durƙusa gaban bagadin gida, inda muka ajiye hoton marigayiyar, ta kunna turaren tsinke, ta haɗa tafuka yadda ya kamata. Sai kuma ta dubi hoton ta ce da ƙarfi, "Ke 'yar nema! Kin tafi kin bar ni da waɗancan sakarkarun."

Rabon da in ji an yi wa 'yata Chizuru magana tun asibiti. Ko a littafin nan, yau ne na fara rubuta sunanta.

Ta miƙo mini wani kati. Chizuru ta ci kujera a babbar gasar wasan kati, wato foka, da za a yi a watan Yuli; ta ci ta ne mako biyu kafin jijiyar nan ta fashe a kanta. Ba kuɗi ake ci ba, doka ba ta yarda ba. Kujera ce da kofi. Mai gidan wasan ya ce a ba wani daga iyalinta ya zauna. Na amsa da ladabi cewa ban iya ba, kuma ban taɓa goyon bayan abin ba.

"Na sani, Malam," in ji ta. "Ta ce babu wanda ya kai ka iya lissafi, babu kuma wanda ya kai ka tsoronsa."

Na sa katin a aljihun tebur. Da Tokiko ta dawo ta ga akwatin ƙwan kifi, ba ta tambaya ba, ban kuma bayyana ba. Haka muke. Tun uku ga Fabrairu, ranar da ta rasu, sunan 'yarmu bai fito daga bakin ɗayanmu ba. Da can Baban Chizuru take kirana. Yanzu in tana son magana sai ta yi gyaran murya. Muna gaisawa, muna cin abinci, muna gode wa juna kamar baƙi biyu a masauki. Ina ganin idan bikin tarbar matattu na Agusta ya same mu a haka, to a haka za mu ƙare. Wani ne zai fara. Ban san yadda ake farawa ba.

Litinin, 13 ga Mayu

Kwana ɗari. Na buɗe aljihun teburin sau uku. Katin yana nan.

Laraba, 15 ga Mayu

Kwana ɗari da biyu. Na ce wa Tokiko za ni ɗakin karatu na jami'a. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi mata da gangan, kuma na yi ta ne domin in je in koyi wasan da na taɓa gaya wa 'yata cewa makarantar maƙaryata ce.

Gidan wasan yana hawa na uku ne a wani lungu na unguwar Tenjin, ana buɗewa ƙarfe ɗaya na rana. Na zaci duhu da hayaƙi. Sai na tarar da tagogi a buɗe, da butar shayin sha'ir, da mutane takwas suna ta musu kan ƙwallo. Wani dogon mutum mai suna Egashira, direban tasi, ya miƙe ya sunkuya mini har gilashinsa ya zame. "Farfesa da kansa! Ku ɓoye kwabbanku, jami'a ta zo."

Ga tsarin, don in riƙe. Kowa kati biyu a ɓoye. A tsakiya ana buɗe biyar: uku tare, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Ana zuba kwabban roba; wanda nasa suka ƙare ya fita daga gasa. A kowane zagaye mutum ya wuce, ko ya zuba, ko ya bi zubin wani, ko ya ƙara, ko ya jefar da katinsa. Kujeru biyu ne ke zubin dole tun kafin su ga komai, ƙarami da babba, kuma abin yana zagayawa.

Minti arba'in na yi aka share ni. Al'adarsu, wanda ya fita yakan miƙe ya sunkuya ya gode wa tebur, su kuma su tafa masa. An tafa mini. Rabon da a tafa mini tun ranar da na yi ritaya, kuma na yau ya fi gaskiya.

Asabar, 25 ga Mayu

Kwana ɗari da goma sha biyu. Na cika shafi goma sha ɗaya da jadawali. Wasan ba shi da wuya a takarda.

Kujerar da na tsana ita ce ta ƙaramin zubin dole. An karɓi rabin zubi daga hannunka ba da shawararka ba, sannan da zarar an buɗe katunan tsakiya kai ne za ka fara magana, ba ka san abin da kowa zai yi ba. Duk sauran suna kallonka, su ji naka kafin su faɗi nasu. Babu adalci a kujerar. Uwargida Onizuka ta ce ita ce kujerar da Chizuru ta fi so. Ban gane dalili ba, ban kuma tambaya ba.

Yau a wannan kujera na riƙe tara da takwas, aka buɗe bakwai da goma da biyu. Huɗu a jere ke nan, saura ɗaya su cika biyar: ko ta sama ko ta ƙasa. Katuna takwas ne za su cika mini, cikin arba'in da bakwai da ban gani ba, da buɗi biyu a gaba. Talatin da ɗaya da rabi cikin ɗari. Na wuce, Egashira ya zuba da yawa, na jefar. Daidai na yi. Na sake lissafawa a jirgin ƙasa, daidai na yi.

Egashira ya raka ni da waƙa har bakin matakala, wai "Farfesa Na-wuce". Sunan ya bi ni.

Laraba, 5 ga Yuni

Kwana ɗari da ashirin da uku. Uwargida Onizuka ta ƙwace jadawalina ta karanta shi a juye don tsokana, sannan ta zaunar da ni kusa da butar shayi.

"Malam, hanya nawa ake cin hannu?"

Na ce ɗaya: katinka ya fi na kowa.

"Ka ji! Shekara talatin ana biyan wannan. Biyu ce. Ko katinka ya zo, ko ɗan'uwanka ya tsorata ya jefar. Kai kana ƙirga katuna, 'yarka kuwa mutane take ƙirgawa. In ta samu huɗu a jere a ƙaramar kujera ba ta jiran kowa, ita ke fara turawa. Tunda dole ce ta fara magana, gara ta faɗi abin da zai sa a yi shiru."

Gaskiyarta ce. Na bar sashe guda cur a lissafin: yiwuwar ɗayan ya janye. Da ɗalibi ne ya kawo mini haka da na zagaye masa da jan biro. Mai sayar da ƙwan kifi ta gyara mini aiki, kuma abin mamaki, daɗi na ji. Na biyo ta gefen kogi a ƙafa ina ta sake lissafin, har na wuce tasharmu.

Ashe yarinyar nan ba ɓata ƙwaƙwalwarta take yi ba. Na taɓa ce mata ɓata ta take yi, sau ɗaya, a kan abincin dare, ta yi murmushi ta ƙara mini miya.

Lahadi, 16 ga Yuni

Kwana ɗari da talatin da huɗu. Damina ta kama. Tokiko ta ajiye mini lema a bakin ƙofa. Na ce na gode. Kalmomi bakwai muka yi yau, na ƙirga.

Asabar, 22 ga Yuni

Kwana ɗari da arba'in. Dole in rubuta wannan dalla-dalla.

Ƙaramar kujera. Shida da biyar a hannuna. An buɗe huɗu da bakwai da sarki. Ni da Egashira kaɗai muka rage. Duk teburin ya riga ya buɗe baki zai ce "na wuce" tare da ni, don sun mai da shi amshi. Sai na tura kwabbai, kashi biyu cikin uku na abin da ke tsakiya.

Egashira ya cire gilashi, ya goge, ya mayar. "Farfesa ya zuba? To duniya ta zo ƙarshe. Wannan mutumin ko tari ba ya yi sai da hujja." Ya juya katinsa kowa ya gani, sarki ne da shi, ya jefar.

Ba dole ba ne in nuna nawa. Na nuna.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsari. Egashira ya kwanta a kan tebur yana kiran mahaifiyarsa. Uwargida Onizuka tana dukan bayana da mafici tana cewa, "Kyan ɗa ya gaji ubansa, yau ga uba ya gaji 'ya!" Wani sauti ya fito daga ƙirjina wanda ban gane ba da farko. Dariya ce. Na yi ta har na nemi kujerar jingina.

A jirgi kunya ta kama ni. Mutumin da 'yarsa ba ta cika wata biyar da rasuwa ba. Amma kunyar ba ta kai gida ba. A bakin ƙofa na tarar ina murmushi, sai da na gyara fuska kafin in shiga. Wannan ma abin kunya ne, ta wata fuskar. Dariyar ta Tokiko ce ita ma, na kuwa ɓoye mata.

Laraba, 3 ga Yuli

Kwana ɗari da hamsin da ɗaya. Sau uku na gwada dabarar yau, sau uku Uwargida Onizuka ta bi ni ta cinye. Na tambaye ta yadda take ganewa. Ta ƙi. Egashira ya ce, "Inna, gaya masa mana, saura kwana goma gasa, kada ya je ya ba mu kunya."

Ta ce in dubi hannuna. Na duba. Kwabbaina a jere suke, tsibi-tsibi, na daidaita gefensu da babban yatsa har babu wanda ya leƙo.

"In katinka ya riga ya cika, barinsu kake a watse. In kana jira, sai ka hau gyara. 'Yarka ma haka. Shekara biyu ina cinye ta da wannan, ban taɓa gaya mata ba." Ta ja hanci. "Da na gaya mata."

Na tuna ranar da za a fitar da sakamakon shiga makarantar harhaɗa magunguna. Na sauko da asuba na tarar da Chizuru a zaure tana jera takalman gidan duka, baki ɗaya, har da na baƙi. Na tsaya na gyara guda da ya karkace. Ba mu yi magana ba. Ashe magana muke yi.

Na nemi uzuri na fita baranda na ɗan lokaci. Ruwa ake yi, don haka babu wanda zai iya cewa ga abin da ya jiƙa mini fuska. Da na dawo Egashira ya watsa mini kwabbaina da gangan, ya ce horo ne.

Juma'a, 12 ga Yuli

Kwana ɗari da sittin. Na shirya jimlar tun safe: "Gobe zan zauna a kujerar Chizuru." Kalmomi shida. A kan abincin dare na ajiye tsinken cin abinci, na ja numfashi, na ce miyar ta yi daɗi.

Na wuce, ke nan.

Asabar, 13 ga Yuli

Na ce ɗakin karatu. Tokiko ta miƙo mini ƙunshin abincin rana a cikin wani ƙyalle shuɗi mai zanen zalɓe, abin da ba ta saba ba. Na karɓa na gode.

Babban zaure ne kusa da tashar Hakata, mutum ɗari uku da goma sha biyu. An fara ƙarfe goma. Na yi wasa yadda na iya: na jefar da yawa, na ci kaɗan-kaɗan, na bar kwabbaina a watse ko da yatsana yana ƙaiƙayi. Egashira ya fita tun kafin azahar, ya koma bayan igiya yana ba ni shawarar da ba a tambaye shi ba.

Da hutun rana muka zauna a matakala. Na kwance ƙunshin: curin shinkafa biyar da gasasshen kifi a ciki. Uwargida Onizuka ta daina tauna.

"Malam, wa ya ba ka ƙyallen nan?"

Na ce matata.

"Wannan ai ƙyallen gasa ne. Duk ranar gasa da shi Chizuru ke zuwa, curi biyar: biyu nata, biyu nawa, ɗaya na wannan dogon banzan." Ta ɗauki biyu ba ta nemi izini ba. "Ɗakin karatu! Kai kaɗai ne ka yarda da ƙaryar nan a duk garin Fukuoka."

Egashira ya ɗauki nasa, ya ɗaga shi sama da hannu biyu kafin ya ci. Ni kuwa na zauna da biyu a cinya. Wata biyu ina taƙama na iya ɓoye kati, ashe a gidana a buɗe nake wasa. Kuma shekara nawa Tokiko tana dafa wa gasar nan shinkafa, ina saman bene ina karanta jarida?

Wajen ƙarfe uku da rabi saura mu arba'in da ɗaya. Zubin dole ya yi tsada, kwabbaina sun ragu. In na ci gaba da jira za su narke a banza. Ƙaramar kujera ta zagayo. Takwas da bakwai. Wani mai faffaɗar kafaɗa, an ce likitan haƙori ne daga Kumamoto, ya ƙara kaɗan, na bi, sauran suka jefar. Aka buɗe shida da tara da sarki.

Huɗu a jere. Biyar ko goma. Ni ne da fara magana.

Na duba, sai na ga yatsana ya riga ya jera kwabban tsaf, ban san lokacin ba. Na bar su a haka. Na sa hannu biyu na tura duka.

Likitan ya daɗe. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya ce, "Baba, da shekarunka?" Na ce da su. Ya yi dariya, ya bi. Sarki da goma sha ɗaya ne da shi. Aka shimfiɗa katunanmu a buɗe, muka miƙe tsaye.

Ina so in rubuta wannan daidai. Tsakanin turawar da buɗe katin ƙarshe bai fi daƙiƙa ashirin ba. Babu sauran shawara, babu abin gyarawa, na riga na faɗi tawa. Egashira yana ihu, "Goma! Goma, don girman iyayenki!" Uwargida Onizuka ta baro teburinta ta riƙe hannun rigata. Ban ji tsoro ba. Wani sauƙi na ji, irin na wanda ya sauke kaya a bakin rafi. Na ce a raina: ashe wannan ne. Wannan take zuwa nema, ba kofi ba.

Na huɗu: biyu. Na biyar: tara.

Bai zo ba. Sittin da takwas da rabi cikin ɗari, babu abin mamaki. Na sunkuya na gode wa tebur, aka tafa. Likitan ya riƙe hannuna ya ce saura ƙiris ya jefar. Uwargida Onizuka ta ce Chizuru ba ta taɓa wuce matsayi na sittin a gasar ba, za ta ji haushi ƙwarai.

Na iso gida da sauran rana. A zaure na cire takalma, na tsinci kaina ina jera su da na Tokiko. Na bari. Tana kicin, ta juya baya, tana yanka kabewa. Na ajiye ƙyallen a ninke kusa da ita. Jimlar jiya ta gudu, sai wata ta zo.

"Chizuru ta fi ni gaskiya," na ce. "Takwas da bakwai ne a hannuna."

Wuƙar ta tsaya. Na ji ƙarar ruwa a kan rufi, na ji firji. Ba ta juyo ba.

"A ƙaramar kujera?"

"A ƙaramar kujera."

"Ka tura?"

"Na tura."

"Ya zo?"

"Bai zo ba."

Kafaɗunta suka fara motsi, ban san ko kuka ne ko dariya ba. Ta juyo, ashe duka biyun ne. "Ita ma bai cika zuwa mata ba," in ji ta. "Sai ta shigo nan tana ta masifa tana cin abinci a tsaye, ta ce kada in gaya maka."

Kabewar ba ta dahu ba yau. Mun ci ragowar ƙwan kifin Onizuka da shinkafa, a kicin, a tsaye. Ta ba ni labarin gasa goma sha ɗaya. Na ba ta labarin takalma.

Laraba, 17 ga Yuli

Ba zan ce wani abu ya sauya ba. Hoton yana inda yake, ɗakinta yana yadda ta bar shi, jiya ma na farka da nauyin nan a ƙirji.

Mun je sayen fitilar bikin Agusta. Mun yi gardama kan launi, ta yi nasara. Na sa katin gasar a bagadi kusa da turare.

Da safe ina saman bene na ji an ce, "Baban Chizuru, shayi zai huce." Na amsa kafin in lura.

Ƙarfe ɗaya za mu Tenjin. Ta ce kallo kawai za ta yi, amma na ga ta dafa curi shida.

Na ga ban sa adadin kwanaki a saman shafin nan ba, haka ma na ranar Asabar. Zan iya lissafawa. Tana jira a bakin ƙofa da lema.